Mita Uku da Suka Ɓace a Tsohuwar Masaƙa

Shafi na 14

Ku masu cika min waya da "wai mene ne a bayan bangon nan?", na ji ku, ku bar ni in sha ruwa. Wanda ya shigo yanzu kuma, ga inda muka kwana. Tsohuwar masaƙa ce da ta shekara ashirin da biyar a rufe, yanzu ana mayar da ita shaguna da silima da wurin wasan yara. Injiniya ce ke kula da aikin. Jiya ta auna babban zauren saƙa ta waje ta samu mita sittin, ta shiga ciki ta auna ta samu hamsin da bakwai.

*

Sau huɗu ta auna, sau huɗu mita ukun nan suka ƙi fitowa.

"Injiniya, ko dai tef ɗin ne ya gaji?" in ji Dogo, shugaban leburori, yana sosa ƙeya.

"Tef ba ya gajiya, Dogo. Ginin ne ke ɓoye mana wani abu."

Ba ta rufe baki ba sai ga motar mai ginin ta tsaya a ƙofa. Leburori suna ce masa Yau-Yau a bayan idonsa, don ba ya buɗe baki bai ce "yau-yau nake so" ba. Ya shigo da saurinsa, ya yi mata alama su zagaya.

Nan aka fara rawar da aka saba. Injiniya ta koma gefensa na hagu, shi kuma ya zame ya koma nata hagun. Ta sake zagayawa, ya sake zagayowa. Dogo ya juya baya yana danne dariya. Haka suke tun ranar farko. A ofis ma kujera ɗaya suke takara a kai, ta ƙarshen tebur, inda kowa zai kasance a damanka. Ita dai ta san dalilinta. Kunnenta na hagu a mace yake tun tana ƙarama, zazzaɓi ne ya tafi da shi in ji Innarta, kuma ba wanda ta taɓa gaya wa a wurin aiki. Shi kuwa ta daɗe da yanke masa hukuncin cewa tsabar son iko ne.

"Me ya sa har yanzu nake ganin bangon nan a tsaye?" ya tambaya.

"Yallaɓai, ban san abin da ke bayansa ba. Ban kuma san abin da yake ɗauke da shi ba."

"Ba komai a bayansa."

"Akwai mita uku."

"To mita uku na iska! Ta nan ƙofar silima za ta fita. Na ce a rushe."

"Ka ba ni kwana biyu in huda in duba."

"Ba za a huda ba, ba za a duba ba." Ya miƙo mata takardar izinin rushewa. "Ƙarfe sha biyu zan dawo. Ko in tarar da sa hannunki, ko in zo da wanda zai sa nasa."

Ya fita. Ta bi bayansa da kallo. Mutumin da ya yarda aka bar tsohon bututun hayaƙi, aka bar ƙarafan rufi, har tsatsar ƙofa ya ce kar a goge wai tana da kyau a hoto, shi ne yake rawar jiki a kan bango ɗaya? Abin ya tsaya mata a rai. Aikin nan kuwa shi ne mafi girma da ta taɓa riƙewa, kuma ba ta shirya rasa shi ba.

"Dogo, kankare min filasta daga nan zuwa nan."

Ya kankare. Jan bulo ya fito, jere-jere, aiki mai tsafta. Ta matso tana bin layin siminti da ido, sai ta tsaya cak.

A tsakiyar layi na goma akwai shatin babban yatsa, an danna shi tun siminti na ɗanye. Ta ƙirga goma zuwa sama. Ga wani.

Mutum ɗaya ta sani a duniya da ke wannan ɗabi'a, kuma ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Katangar gidansu cike take da irin wannan shatin. Tana yarinya takan bi tana sa ɗan yatsanta a ciki ɗaya bayan ɗaya.

Ta ciro waya.

"Inna, Baba ya taɓa yin gini a masaƙa?"

Shiru. Inna kuwa ba ta san shiru ba. Shekara goma sha takwas ta yi a gaban injin saƙa, har yau in tana gaisuwa sai maƙwabta sun amsa.

"Inna?"

"Wane bango kike gabansa?"

"Ban ce miki bango ba."

"Kar ki taɓa shi. Ga ni nan."

Injiniya ta tsaya tana kallon wayar. Wata takwas tana roƙon matar nan ta zo ta ga yadda ake gyara wurin, kullum amsa ɗaya: "Na shaƙi ƙurar wurin nan ta ishe ni har lahira." Yau ga ta nan tafe ba a gayyace ta ba.

Ba a yi rabin awa ba tasi ta sauke ta. Dogo ya ruga da hular kwano.

"Sannu da zuwa, Inna. Doka ce, sai an sa."

"Ɗana, lokacin da wurin nan ke cin yatsun mutane ba a ba mu hula ba, sai yanzu da ya mutu?"

Ta dai karɓa ta ɗora a kan ɗankwali. Ta shiga zauren, wanda yanzu ba komai cikinsa sai fili da buhunan siminti da layukan fenti da aka shata wurin shaguna. Amma ba ta miƙe kai tsaye ba. Ta yi taku shida ta karkata dama, ta tattare mayafinta ta matse jiki, ta yi taku huɗu ta karkata hagu.

"Me take kaucewa?" Dogo ya tambaya a hankali.

"Injuna," in ji Injiniya. "Ita har yanzu tana ganinsu."

Inna ta iso gaban bangon. Ta sa babban yatsanta a cikin shatin, ta daɗe ba ta cire ba.

"Rigimamme," ta ce. "Na ce masa kar ya sa alama. Ya ce hannunsa ne ya saba."

"Inna, mene ne a ciki?"

"Ki bar shi yadda yake. Ki sa musu ƙofar silimar a wani wuri."

"Ba ni ke da ginin ba. Ƙarfe sha biyu, da ni ko ba ni, gudumar Dogo za ta hau kansa."

Inna ta dubi Dogo, ta dubi gudumar da ke jingine.

"To gara ki ji daga bakina. Kai Dogo, zo nan."

Ta kai su kusurwa, inda wani tsohon kabad na ƙarfe yake manne da bangon. An bar shi ne don ado, za a jera masa tsofaffin kwarkwaron zare masu sayayya su riƙa ɗaukar hoto.

"Mun yi mu huɗu a kansa bai motsa ba," in ji Dogo.

"Don kun ja ne. Ɗaga ƙasansa kaɗan, ka tura hagu."

Dogo ya ɗaga, ya tura. Kabad ɗin ya yi ƙara ya zame kamar jiya aka shafa masa mai. Ga wata 'yar ƙofa a bayansa, tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba.

"Ikon Allah!" Dogo ya ja da baya. "Inna, ba dai gawa ba ce ko?"

"Gawar gidanku. Tsaya nan ka yi gadi."

Inna ta duƙa ta shige, ko tocila ba ta nema ba. Injiniya ta bi ta.

Ashe ba duhu. Wata 'yar taga ce a can saman rufi take zubo haske. Ɗaki ne siriri, mita uku cif, ƙura ta kwanta a ko'ina. Ga ɗan benci. Ga kofin silba a kife. A jikin bango an zana agogo da alli, an rubuta lambobi a kewaye da shi. Sama kuma wani ƙarfe ya ratsa ɗakin, da ƙugiyoyi bakwai a jikinsa. A ta ƙarshe har yanzu akwai ragowar zani a ɗaure, ya yi laushi ya zama kamar yanar gizo.

"Me ake ratayewa a nan? Zare?"

"Ku."

"Mu wa?"

"Ku 'ya'yanmu."

Inna ta kaɗe bencin da gefen mayafi ta zauna.

"Dokar kamfani ce. In kin haihu, hutun sati biyu ne. Ki dawo ke kaɗai, ko a ba wata injinki. To jaririn sati biyu wa za ki bar wa? Wasu suna da uwa a kusa. Mu da ba mu da kowa fa?"

"Sai kuka gina ɗaki?"

"Ɗakin na nan, da can tarkacen auduga ake zubawa. Wuta ta taɓa kamawa, sai manaja ya ce a toshe shi gaba ɗaya. Aka kira magini. Maginin kuwa matarsa na da cikin wata bakwai." Ta yi ɗan murmushi. "Ya toshe musu kuwa. Manaja ya zo ya buga bango ya yaba aiki. Bai san an bar ƙofa a bayan kabad ba."

"Ta ina kuke shigo da jariran?"

"Cikin kwandon kwarkwaro. Maigadi ya sani. Duk safiya in ya hango mu sai tari ya kama shi, ya juya baya yana ta yi har mu wuce."

Injiniya ta yi dariya ba ta shirya ba. Ta nuna agogon alli.

"Wannan fa?"

"Layi ne. Kowace awa mace ɗaya tana ciki. Lambar injinta ce a jiki. Na kusa da ita su riƙe mata injin, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. In ɗanki ya farka da yunwa, ta ciki ta leƙo ta yi miki hannu. Ba ma magana a zauren nan, wa zai ji ki? Da hannu muke komai."

"Shekara nawa kuna yi?"

"Shida. Yara goma sha tara suka bi ta ɗakin nan, ba a taɓa kama mu ba."

"Amma Inna, kuka fa? Jariri bakwai a ɗaki ɗaya?"

Inna ta juya ta kalli bangon. Injiniya kuwa ba ta lura ba, don kanta ya riga ya ɗau zafi. Ta miƙe tana zagaya ɗakin tana auna shi da ido.

"Wallahi wannan ba abin rushewa ba ne! Gilashi za a sa a nan. A bar ƙugiyoyin, a bar agogon, a rubuta labarinku a jiki. Wurin wasan yara ma yana daura da shi. Kowa ya zo sayayya ya tsaya ya ga abin da mata suka yi. Inna, ku jarumai ne, kuka ɓoye min wannan shekara talatin da shida?"

"Zauna."

"Ƙofar silima sai ta koma..."

"Na ce ki zauna. Ta nan, ta haguna, inda za ki ji ni."

Injiniya ta zauna. Karo na farko a rayuwarta ta ji Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kin tambayi kuka. Bayan bangon nan, daidai inda kika tsaya ɗazu, nan babban injin yake, wanda ke juya duk sauran. In ya tashi, haƙoranki ma rawa suke. Jariri ya tsala ihu iya ƙarfinsa, ba mai ji. Shi ya sa muka zaɓi nan. Murna muka yi ta yi, muna cewa Allah ya ba mu mafaka."

Ta ɗaga kai ta dubi ƙugiyoyin.

"Muna toshe muku kunne da auduga. Mu kwantar da ku ta gefen dama, kunnen dama na cikin zani. Na hagun ne a sama. Ke kuma hannunki ba ya zama wuri ɗaya, da an sa ki tsige."

Injiniya ta kai hannu kunnenta na hagu ba tare da ta sani ba.

"Inna... zazzaɓin fa?"

"Ba ki taɓa yin wani zazzaɓi ba."

Can waje wani lebura na buga ƙarfe, ita kuwa da rabin kanta kawai take jin sa, kamar kullum.

Abubuwa suka riƙa dawo mata. Malamin da ya zane ta a aji uku wai tana yi masa kunnen ƙashi. Kujerar gaba da take rigen kamawa har jami'a. Ranar da 'yarta ta faɗo daga gado tana kuka, ita tana kwance a kan kunnen dama ba ta ji ba sai da maƙwabciya ta buga ƙofa. Ranta ya ɓaci, ɓacin da ba ta taɓa yi da Inna ba. Kuma a cikin ɓacin ran tausayi ya kama ta, ta rasa wanda za ta bi a cikinsu.

"Kun sani kuka ci gaba?"

"Ba mu sani ba. Wallahi ba mu sani ba. Sai da kika fara tafiya, in kira ki ta hagu ki wuce abinki. Babanki ya zauna a ƙofar gida ya yi kuka kamar yaro. Ya ce da hannunsa ya gina."

"Shi ne kuka ce zazzaɓi."

"Zazzaɓi ba ya da fuska. Ba za ki tashi kullum ki gan shi yana dafa miki abinci ba."

Injiniya ta share ido da bayan hannu. Halinta na son sanin ƙarshen abu bai bar ta ba ko a wannan hali.

"Duk mu goma sha taran haka muke?"

"A'a. Na can ƙarshe sun tsira. Ƙugiya biyun nan na jikin bango ne abin ya fi shafa."

"Ni wacce ce tawa?"

"Ta biyu."

Injiniya ta miƙe ta goge ƙurar da ke ƙarƙashin ƙugiya ta biyu. An rubuta 22 da baƙin man inji, lambar injin Inna. Ta goge ta farko. An rubuta 9.

"Ɗan waye wannan?"

"Wata 'yar siririya mai inji na tara. Namiji ne, ya girme ki da wata biyar. Da ta gane abin da ya same shi ta ajiye aiki ranar, ba ta ko yi mana sallama ba. Ban sake..."

Muryar Dogo ta katse ta daga waje.

"Yallaɓai, ai sha biyu ba ta yi ba! Yallaɓai, dakata, Injiniya ta ce..."

Haske ya ragu a bakin ƙofar. Yau-Yau ya duƙo ya shigo, gudumar Dogo a hannunsa. Bai kalli agogon alli ba, bai kalli benci ba, bai yi mamakin komai ba. Idonsa ya tafi kai tsaye kan ƙugiya ta farko.

"Wa ya ba ku izinin shiga ɗakin nan?"

"Ɗazu ka ce iska ce, Yallaɓai," in ji Injiniya. "Tun yaushe ka san ɗaki ne?"

Inna ta miƙe a hankali. Tana tsaye ta gefensa na hagu, ta ƙura masa ido, ta yi magana a irin muryar da ta yi ɗazu.

"Yaya mahaifiyarka?"

Ko gezau bai yi ba.

Ta ɗaga murya. "Na ce yaya mahaifiyarka?"

Sai ya juyo. Ba idonsa kawai ya juyo ba, kansa gaba ɗaya ya karkato, ya miƙo kunnen dama. Injiniya ta san wannan juyin, sau ɗari take yin sa a rana. Kujerar ƙarshen tebur ta faɗo mata a rai, da rawar da suke yi duk safiya.

"Innalillahi," in ji Inna. "Ɗan mai inji na tara."

Ya sauke gudumar ƙasa, bai saki ƙotar ba.

"Ta rasu bara waccan," ya ce. "Har ta rasu ba ta daina neman gafarata ba. Kullum sai ta kwatanta min ɗakin nan, ƙofa, benci, ƙugiya. Ta ce ba ta barci sai ta ji ƙarar injin." Ya dubi Injiniya. "Kina tsammanin don shaguna na sayi ginin nan?"

Idonsa ya sauka kan lamba 22 da aka goge sabuwa. Ya dubi Inna, ya dubi hannun Injiniya da ya sake komawa kan kunnenta na hagu. Fuskarsa ta canza.

"Ke ce ta biyu."

"Ni ce."

Inna ta ja da baya har ta jingina da bangon mijinta, ta shimfiɗa tafukanta biyu a kan bulon.

"Ɗana, nan ne ya raya ku."

"Nan ne ya ci rabinmu, Inna."

Ya cire takardar izinin daga hannun Injiniya ya jefar a kan benci. Sannan ya juya gudumar, ya miƙo mata ƙotar.

"Bar batun sa hannun. Ni da ke aka yi wa. Ke za ki fara bugu, ko ni?"